Fitilar mai da ke ci tanki cike, ta yi shiru tanki wayam: nazarin gyaran wani babur a Kaduna

Ƙorafin da aka kawo mana shago, a Tudun Wada kusa da tsohuwar Panteka, gajere ne amma mai ɗaure kai. Fitilar gargaɗin ƙarewar mai, 'yar ruwan ɗorawar nan mai hoton famfon gidan mai, tana ci da dare ko da an cika tanki har wuya. Da rana kuwa ba a ganin ta sam, ko da mai ya ƙare ƙarƙaf.

Babur ɗin na hannu ne, ƙirar Japan, mai injin 250cc da kafireta, tankinsa na cin lita 14. Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne ba shi da allurar geji, kuma famfon mansa irin wanda zuƙar inji ke buɗewa ne, babu rizab a jikinsa. Mai Boxer ko Jincheng, da babur ya fara shaƙewa, sai ya sunkuya ya murɗa famfo zuwa rizab ya lallaɓa gidan mai. Wannan ba shi da wannan gata. Fitilar ce kaɗai za ta gaya masa mai ya yi ƙasa, kuma bisa ƙa'idar wannan samfurin ya kamata ta kawo lokacin da ya rage kimanin lita 3.

Mai babur ɗin dattijo ne, ma'aikacin lafiyar dabbobi, kowa Likita yake ce masa. Yana zaune a Kawo, aikinsa kuma yawo ne tsakanin rugage da gonakin kaji da ke gefen hanyar Zariya, daga Rigachikun zuwa Birnin Yero har wajejen Jaji. A bayan babur kullum akwai kula mai ƙanƙara da kwalaben rigakafi. Abin da ya kawo shi wurinmu shi ne mai ya yanke masa da tsakar rana a wata hanyar burji bayan Maraban Jos, a cikin zafin watan Afrilu. Kafin ya tura babur ya fito bakin titi ƙanƙara ta narke, rigakafin kajin kuwa ana son ya zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8 ne, don haka zubar da shi ya yi. Asarar kuɗi ke nan, ga manomin da ya tara kajinsa yana jira. Kuma duk mutumin Kaduna ya san tsayawa a daji kai kaɗai da mataccen babur ba abin da iyali za su ji su kwantar da hankali ba ne.

Ina ganin irin wannan matsala ta fi cizo yanzu fiye da da. Tun da aka sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta haura naira 1,000. Mutane kaɗan ne ke cika tanki. Ana sayen lita biyu, lita uku, a yi ta yawo a gindin tanki. To gindin tanki nan ne fitilar ke aiki, nan ne kuma ruwa da tsatsa ke kwanciya. Abin da da ake gani sau ɗaya a mako ya koma abin dogaro na kullum.

Kafin ya zo wurinmu ya biya wurare biyu. Na farko ya ce fulot ne, ɗan abin nan da ke iyo a kan man tanki, ya sha mai, sai an yi odar sabo daga Legas. Na biyu ya ce irin waɗannan fitilu dama ƙarya suke yi, ya yanko baƙin tef ya liƙe ta don kada ta dame shi da dare. Da tef ɗin a jiki aka kawo babur. Na farkon bai buɗe komai ba balle ya ga cewa babur ɗin ba shi da fulot kwata-kwata. Na biyun shi ya fi ba ni takaici, domin rufe fitilar gargaɗi a babur marar rizab daidai yake da tura mutum daji ba tare da an gaya masa abin da ke jiransa ba.

Na tambaye shi, “Likita, tun yaushe ta fara haka?”

Ya ce, “Wallahi Oga ba zan ce ga rana ba. Amma dai kafin azumi lafiyarta ƙalau.”

“Daga azumi zuwa yau me aka taɓa a jikin mashin ɗin?”

“Ba a taɓa komai ba, ko juye ban yi ba.” Ya ɗan yi shiru. “Sai dai fitilun mita. Yarona ne ya kai aka sa masu haske ɗin nan da sallah, wai na da sun yi dishi-dishi.”

Masu babura ba sa lissafa canjin ƙwan fitila a cikin gyara, don haka sai an tona ake jin sa. A wannan lamari kuwa shi ne bakin zaren.

Ga yadda abin yake. Babura da yawa na Japan da ke da fitila ba allura, ba fulot suke amfani da shi ba. A cikin tanki, a kan wani siririn ƙarfe da ya miƙe daga gindi, akwai ɗan gwangwani mai 'yan huji-huji, bai kai kan ƙaramin yatsa ba. A cikinsa akwai wani ɗan ƙwayar abu da ake kira tamista. Halinsa shi ne idan yana da sanyi yana turje wa wuta, kaɗan yake bari ta wuce. Idan ya ɗau zafi turjiyarsa ta faɗi, ya saki wuta. Wayarin ɗin kuma layi ɗaya ne miƙaƙƙe: wuta ta fito daga makulli, ta bi ta ƙwan fitila, ta shiga tamista, ta sauka jikin bodi. 'Yar wutar da ke ratsawa kullum tana ƙoƙarin ɗumama tamistar, fetur ɗin da ya nutsar da ita kuma yana kwashe zafin. Duk wanda ya taɓa dafa ruwan wanka da hitar bokiti ya san abin: tana cikin ruwa ba ta komai, da ka ɗaga ta sama ba ka kashe ba sai ta yi jajir. Haka tamista take. Da mai ya sauka ya bar ta a iska sai ta fara zafi, zafin ya rage turjiya, wuta ta ƙaru, ƙarin wutar ya ƙara zafi, har ƙwan ya kama. Wannan yakan ɗauki daƙiƙa talatin zuwa 'yan mintuna, kuma jinkirin alheri ne, shi ke hana fitilar ƙiftawa duk lokacin da mai ya yi tangal-tangal a kwana ko a rami.

Abin lura shi ne ƙwan fitilar ba ɗan kallo ba ne a wannan tsari, da shi ake aikin. An lissafa komai ne a kan ƙwai mai zare, na bolt 12 wat 3.4 ko wat 3. Irin wannan ƙwan yana bukatar wuta kimanin miliam 280 kafin ya haska sosai. Zarensa idan yana da sanyi turjiyarsa 'yar om 4 ko 5 ce, don haka kusan duk ƙarfin batir a kan tamista yake sauka, ta samu abin da za ta ɗumama da shi. Idan ta yi zafi kuma, zaren ƙwan ne ke taƙaita wutar don kada ta ƙone.

Muka cire tef, muka kwance mitar. Duk ƙwayayen ciki an mayar da su na LED, wato masu hasken nan marasa zare, har da na mai. Na sa yarona Auta ya ɗaga tanki ya zare soket ɗin sensa, wato ƙarfen da ke ɗauke da tamista, makulli a kunne, muka rufe mitar da riga don a samu duhu. Fitila ta mutu murus. Wannan ya nuna babu wata wayar da ta goge ta taɓa bodi a hanya, domin da akwai da za ta ci gaba da ci. Sai muka ɗauki wayar da ke zuwa daga mita muka dangwala ta a jikin bodi: fitila ta kama tar. Daga makulli zuwa soket lafiya lau ke nan. Muka mayar da soket, tanki na da mai fiye da rabi, sai ga ta tana ci dishi-dishi a ƙarƙashin rigar. Da aka yaye rigar rana ta haske ta, sai ka rantse a kashe take.

Da mitar awon wuta muka auna tamistar, ta ba da om 900 da 'yan kai. Lissafin ba wuya. Da ƙwai mai zare, wutar da za ta ratsa kimanin miliam 14 ce, wadda ba za ta ko ɗumama zaren da ke neman 280 ba, shi ya sa fitila ke zama a mace idan akwai mai. LED kuwa miliam 2 ko 3 sun ishe shi a gan shi cikin duhu. Wannan ne amsar rabin ƙorafin, cin da take yi da dare tanki cike. Ɗaya rabin kuma, ƙwan LED yana da tasa rezistar a ciki, wato 'yar abar da ke rage wuta, mai om ɗari-ɗari, wadda ke shaƙe layin. A wannan babur wutar ta sauko wajen miliam 7, zafin da tamista ke samu ya koma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka tsara mata. Ko an bar ta a iska wuni guda ba za ta yi zafin da za ta saki wuta ba. Don haka hasken bai san tanki cike ko wayam ba, kullum ɗaya ne: da dare a gan shi, da rana kada a gan shi. Likita yana ta danganta abin da yawan mai, alhali abin da ke canzawa hasken gari ne kawai.

Ban ga laifin yaron Likita ba, kuma LED ba abin ƙi ba ne. A fitilar hasken mita, ta nitiral, ta babbar fitila, yana aiki sumul, ba ya shan batir. Wanda ya sayar ya kuma ɗaura ne ya kamata ya san akwai soket ɗaya da ba a taɓawa. Masu kayan kwalliyar babur sukan zube ƙwayaye biyar ko shida a tafin hannu su jera su gaba ɗaya, mai babur ya ga mita ta yi fes ya biya ya tafi.

Neman ƙwan da ya dace ya ɗan ci lokaci. A kasuwa masu wat 1.7 da masu wat 5 sun fi yawa, kamanninsu ɗaya, mai shago kuma zai ce maka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Mai 1.7 zai sa fitila ta makara ta kuma yi rauni, mai 5 zai tura wa tamista wutar da ta fi ƙarfinta, a hankali ya kashe ta. Ana rubuta adadin a gindin ƙwan da ƙananan haruffa, sai an juya shi a rana an ƙura ido. Auta ya samo mai 3.4 a wurin masu kwance tsofaffin mitoci a cikin Panteka, kuɗinsa bai kai na lita ɗaya ba. Aka sa, aka kunna makulli, aka rufa riga: duhu. Cin ƙarya ya tafi.

A nan Likita ya fara laluben aljihu. Na ce, “Likita a dakata tukuna. Mun ga ta daina ci lokacin da bai kamata ba. Ba mu ga ta ci lokacin da ya kamata ba.”

Wannan matakin shi ake yawan tsallakewa, saboda yana cin lokaci kuma yana da warin fetur. Amma babu wata hanyar sanin gaskiyar fitilar mai sai an sauke man a gabanka ana aunawa. Muka tura babur can bayan shago inda iska ke kaɗawa, nesa da masu walda, domin a unguwarmu tartsatsi ba ya yankewa. Aka kafa shi a ƙafar tsakiya a kan daɓe mai daidai, ba a jingine ba, don jingina tana karkatar da mai gefe ɗaya ta ɓata awo. Aka zare tiyon da ke zuwa kafireta, aka murɗa famfo zuwa inda aka rubuta PRI, wato inda mai ke zuba ko inji bai tashi ba, aka tsiyaye tankin duka. Sannan aka auna lita 5 da kofin awo aka zuba, aka fara ragewa rabin lita rabin lita, bayan kowace ragi a rufe famfo a jira mintuna uku makulli a kunne, an jona wa batir wani lafiyayye don kada ƙarfinsa ya sauka.

Lita 4, shiru, daidai ne. Lita 3, shiru. Biyu da rabi, biyu, ɗaya da rabi, babu labari. Sai da ya rage lita 1, aka kuma yi jira mai tsawo, sannan zaren ya fara ja a hankali, bai ma kai cikakken haske ba.

Lita 1 a tankin babur ba lita 1 ba ce a hanya. Tanki yana zaune ne a kan firam da ɓangare biyu, hagu da dama, famfo kuma a gefe ɗaya yake. Wani kaso na man ƙarshe yana maƙalewa a ɗaya gefen, ba ya zuwa sai an kwantar da babur. Idan babur na yin kilomita 28 zuwa 30 a lita, lita 3 za ta kai mutum kusan nisan Kaduna zuwa Zariya, wajen kilomita 80. Abin da fitilar nan ke bayarwa kuwa da kyar ya wuce kilomita 15. Da na nuna masa, Likita ya ce lallai ko da can, da ta kawo ba ya nisa, amma ya ɗauka haka aka yi ta. A cikin gari tsakanin Kawo da Mando gidajen mai ba su da nisa, bai taɓa jin ciwon abin ba. Ashe kafin azumin ma ba lafiyarta ƙalau ba. Cuta biyu ce ta hau kan juna, sabuwar ta rufe tsohuwar.

Man da muka tsiyaye na ƙarshe mun tare shi a farar kwalba. Da ya natsu sai ga shi hawa biyu: fetur a sama, a ƙasa kuma wani jan ruwa mai kaurin yatsa, da ɓarɓashin tsatsa yana yawo a ciki. Fetur ya fi ruwa rashin nauyi, litarsa wajen giram 740 ce, don haka duk ruwan da ya shiga tanki gindi yake tafiya ya zauna yana cin ƙarfe. Mai yawon ƙauye kamar Likita dole wani lokaci ya sha man galan a wurin 'yan bumburutu, kuma jarkar da ta kwana a waje ba a raba ta da raɓa. Robar murfin tankin ma ta tsattsage, ruwan wanki na samun hanya.

Muka kwance notina biyun da ke riƙe da sensar a gindin tanki muka zaro ta. Siririn ƙarfen da ya kamata ya tsaya a miƙe ya lanƙwashe ya kwanta, ɗan gwangwanin ya kusa taɓa gindi, jikinsa duk ƙananan lotsawa. Hujojinsa kuma sun toshe da jar laka, sai guda ɗaya ko biyu ke numfashi. Na tambaya ko an taɓa wanke tankin. Ya ce lokacin da ya saye shi an wanke, yana tsaye aka zuba tsakuwa da tsofaffin notina aka yi ta girgizawa. Hanyar wanke tsatsa ce da aka sani, tana kuma aiki, amma sai an cire sensa da famfo an toshe ramukansu tukuna. An bar ta a ciki tsakuwa ta yi ta dukanta har ta sunkuya. Tun daga ranar take nutse a cikin mai har sai ya kusa ƙarewa, idan ma ta fito, lakar da ke cikin gwangwanin tana riƙe danshin fetur ta hana ta saurin zafi.

Tamistar kanta ba ta mutu ba. Mun gwada ta a waje, da ƙwan mai 3.4 a jere da ita: a iska ƙwan ya kama, aka tsoma ta a kofin kananzir ya mutu cikin 'yan daƙiƙu. A nan ina jan kunnen yara masu koyo da babbar murya: ba a jona tamista kai tsaye a batir ba tare da ƙwai a tsakani ba. Babu abin da zai taƙaita wutar, nan take za ta gasa kanta, kuma hannunka na warin fetur. Ba a kuma leƙa tanki da ashana ko laita. Tankin da aka tsiyaye ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur yana kamawa ne idan ya gauraya da iska tsakanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100. A tankin da ke da mai a rufe tururin yakan yi yawan da ya wuce haka, a wanda aka zazzage iska ta shiga kuwa, nan ne ake faɗawa cikin wannan tazara.

Wanke gwangwanin sai da lallashi. Aka jiƙa shi a fetur mai tsabta, aka bi shi da tsohon buroshin haƙori har hujojin suka buɗe. Ba a zura allura ciki, ba a kuma hura masa iskar kwamfuresa, wayoyin da ke riƙe da ƙwayar sirara ne ƙwarai. Miƙar da ƙarfen kuma da filaya biyu ake yi, ɗaya ta riƙe gindi gam, ɗaya ta lanƙwasa, don kada ƙarfin ya sauka a inda waya ta ratsa farantin. Idan wurin nan ya tsage, mai zai riƙa tsattsafowa a kan inji mai zafi, kuma ba shi da gyara sai sabuwa. Tsayin da ya dace ba a gane shi da ido. Sai an ɗaura, an zuba mai, an sake saukewa ana aunawa, idan bai yi ba a kwance a ƙara ɗagawa kaɗan. Haka muka yi ta yi har fitila ta riƙa kamawa a lita 3. An wanke tankin kafin nan, an busar da shi a rana, an sa sabuwar robar bakin sensa. Gam ɗin silikon da wasu ke shafawa a wurin ba ya jure fetur, yakan kumbura ya gutsuttsure ya je ya toshe jet ɗin kafireta.

Saura abu ɗaya: hasken bai cika ba, kuma jinkirin ya fi yadda nake so. Fitila na ci muka auna tsakanin wayar nagetif ta sensa da kan batir, mita ta nuna ana asarar kusan bolt ɗaya da rabi a hanyar komawa. Da aka buɗe soket ɗin da ke ƙarƙashin tanki, ƙarafunan ciki sun yi kore shar. Aikin masu wankin babur ne da injin feshi, suna cusa ruwa inda bai kamata ba. Aka goge su har suka yi ƙyalli, aka matse bakinsu, aka shafa ɗan giris, aka kankare fenti da tsatsa a inda wayar ke ɗaure da firam. Asarar ta koma abin da ba a lissafawa. Muka tayar da inji muka duba caji, bolt 14 a ɗan totur, yana cikin 13.5 zuwa 14.5 da ake so. Wannan awon yana da muhimmanci, don babur mai raunin caji fitilarsa takan makara ko da komai na cikin tanki lafiya yake. Bayan haka, daga fitowar tamista daga mai zuwa cikakken haske bai kai minti ɗaya ba.

Yaron Likita ya zo ɗaukar mahaifinsa, ya tambaya ko babu yadda za a yi a bar LED ɗin, don sauran fitilun sun fi wannan haske. Akwai. Ana haɗa rezista mai om 47 a gefen LED ɗin, kai da kai, ta tsaya a matsayin zaren da aka cire. A sa mai wat 10, domin idan fitila na ci tana zafi sosai, a kuma ɗaure ta a jikin ƙarfe nesa da robar mita. Yana aiki, sai dai jinkirin yakan ɗan ƙaru, kuma an ƙara mahaɗa biyu da za su iya kwancewa a hanyar burji. Ga babur da ke shiga ruga kullum, na ba da shawarar a bar ƙwai mai zare, a ajiye guda na safaya a ƙarƙashin kujera. Likita ya ce wa ɗansa, “Ka ji dai. A bar mini abina yadda masu shi suka yi shi.”

Na yi masa bayanin halinta don kada ya sake zarginta a banza. Idan mai ya zo daidai gaɓa, za ta iya kamawa a hawa ta mutu a gangara, ko ta kama bayan ya jingina babur ya daɗe yana kunne. Wannan ba cuta ba ce. Wadda zai yi aiki da ita ita ce wadda ta kama ta zauna a miƙaƙƙen titi. Na kuma roƙe shi ya riƙa mayar da ƙaramar mitar kilomita sifili duk lokacin da ya sha mai, ya san lita nawa ya zuba, ya ninka da 28. Ƙwai mai zare yana iya ƙonewa ba sallama, kuma ƙonannen ƙwai da cikakken tanki kamanninsu ɗaya a mita. Daga baya ya kira ya ce ta kama masa a wajen Rigachikun, ya tsaya gidan mai na gaba ya ce a cika, tanki ya ci lita 11 da ɗan ɗori. A tankin lita 14, lissafi ya fita.

Masu ƙananan baburan da ke da allura, nasu tsarin daban ne, kada su ɗauki maganin wannan su sha. Su fulot gare su, a kan hannun waya mai goga wani faranti, kuma a samfura da yawa mitar awon wuta takan nuna om 4 zuwa 10 idan fulot na sama, 90 zuwa 100 idan yana ƙasa. A zaro shi a ɗaga hannun a hankali ana kallon mita. Idan lamba ta yi tsalle ko ta ɓace a wani wuri, farantin ya cinye a nan, kuma a 'yan shekarun nan a ɓangaren ƙasa na fi samun cinyewar, inda man lita biyu ke sa shi gogawa kullum. A girgiza fulot ɗin a kunne, idan an ji motsin ruwa ya sha mai. Masu famfo mai rizab kuma, da yawa sun murɗa shi zuwa rizab sun manta shi a can, sun kashe gargaɗinsu da hannunsu.

Babur ɗin Likita bai gama da mu ba. Cikin tankin ya riga ya yi ƙuraje, wanki kawai ya rage tsatsar, bai tsayar da ita ba. Mun sa masa 'yar farar matatar mai a tiyo don ya riƙa ganin abin da ke sauka, mun canza robar murfi, mun kuma yi da shi cewa kafin ruwan Yuni ya kankama zai kawo a sake zaro sensar a duba hujojin. Idan laka ta dawo, sai dai a yi wa cikin tankin shafen da ke jure fetur ko a nemo wani tankin a Panteka.